Yadda Ake Fita Kalacin Hantsi a Ƙarshen Mako Ba Tare da Ɓacin Rai Ba

Kalacin hantsi, wanda gidajen cin abinci ke rubutawa brunch a allunansu, zama ɗaya ne da ke maye gurbin karin kumallo da abincin rana. Yawanci ana fara shi wajen ƙarfe 10 na safe, a rufe tsakanin 2 da 3 na rana. Tun a 1895 wani marubuci ɗan Ingila, Guy Beringer, ya yi rubutu yana kwaɗaita wa mutane shi a matsayin abincin Lahadi ga wanda ya kai dare ranar Asabar, kuma har yau haka siffarsa take: a tashi a makare, a haɗu da 'yan uwa ko abokai, a ci a natse.

Sai dai akwai abu guda da ya sa wannan fita ke yawan ƙarewa da tsaki. Kusan duk abin da ake ci a wannan zama, ƙwai ne ko gasasshen burodi ko fankek, abinci ne mai gajeren rai, minti biyar ya isa ya salance. Ga shi kuma kowa a lokaci ɗaya yake zuwa. Wanda ya san yadda kicin ke aiki a wannan sa'a shi ke cin abinci da zafinsa, sauran kuwa sai abin da suka samu.

Rana da sa'a

Ka fara tabbatar da ranar da gidan ke yin wannan abinci, domin ƙarshen mako ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi a farkon 2022, abin da ya sa otal-otal ɗin Dubai da yawa suka mayar da babban kalacinsu na Juma'a zuwa Asabar. Wasu gidajen ma rana ɗaya tak suke yi, wasu kuma suna da takardar jerin abinci ta musamman da ake janyewa da zarar lokaci ya cika, ko da gidan na buɗe.

Cunkoso ya fi tsanani daga wajen 11 zuwa 1 na rana. Lokaci mafi kyau shi ne minti talatin na farko bayan an buɗe. A lokacin kukun bai gaji ba, man suya sabo ne, ruwan dafa ƙwai bai yi dalala ba, babu kuma abin da ya ƙare. Idan ba za ka iya sammako ba, ka bari sai bayan ƙarfe 1:30, amma ka sani abin da ya fi farin jini wataƙila ya ƙare, kuma kicin na iya daina karɓar oda minti goma sha biyar zuwa talatin kafin lokacin da aka rubuta a ƙofa. Ranakun biki kuwa lissafinsu daban ne. A Amurka, Lahadi ta biyu a watan Mayu, wato ranar iyaye mata, tana cikin ranakun da gidajen abinci suka fi cika a duk shekara, kuma a irin waɗannan ranaku ana yawan taƙaita jerin abinci a sa farashi ɗaya.

Kama tebur

Gidajen iri biyu ne: masu yarda a kama tebur tun kafin a zo, da masu cewa wanda ya riga zuwa shi ke zama. Ga na farkon, kwana uku zuwa mako guda ya wadatar ga mutum biyu zuwa huɗu. Daga mutum shida zuwa sama ka kira waya, kada ka dogara da manhaja, domin haɗa tebura biyu shawara ce ta manaja.

Idan ka kira, tambayoyi huɗu za ka yi. Na farko, minti nawa aka ba kowane tebur. Da yawa suna ba da sa'a ɗaya da rabi, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ka kama, ba daga lokacin da ka zauna ba. Na biyu, minti nawa za su jira ka idan ka makara, wanda galibi bai wuce goma sha biyar. Na uku, ko akwai kafin alƙalami ko tarar rashin zuwa da za a cire daga katinka. Na huɗu, ko za su zaunar da ku alhali ba ku cika ba. Wannan ta ƙarshe ita ke haddasa rigima a bakin ƙofa. Gidaje da yawa ba sa ba da tebur sai kowa ya iso, kuma dalilinsu a fili yake: teburin mutum shida da mutum biyu suka zauna suna jira na minti arba'in, asarar zagaye guda ne a sa'ar da ta fi kawo kuɗi. Saboda haka ka faɗa wa abokan tafiyarka lokacin da ya riga na gaskiya da minti goma sha biyar.

Mutum huɗu shi ne adadi mafi daɗi. Ana samun tebur da sauri, kicin na iya fito da faranti huɗu tare, kuma hira ɗaya ake yi. Idan kun kai takwas, farantin farko zai jira na ƙarshe a ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci, kuma ƙwai ba ya jure wannan jira.

A faɗi tun a waya idan akwai keken jariri, keken guragu, ko buƙatar kujerar yara. Idan za a zauna a waje, a tambayi ko akwai inuwa, domin teburin da ke cikin inuwa ƙarfe 10 yana iya kasancewa cikin zafin rana ƙarfe 12.

Kafin a bar gida

Kada ka fita da cikinka wayam. Tsakanin jiran tebur da jiran abinci ana iya cinye sa'a guda, kuma mai tsananin yunwa yakan yi odar abin da ba zai iya cinyewa ba. Ayaba ɗaya ko rabin kofin madara da ruwa sun isa. Ga yara wannan wajibi ne. Ga mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke sauke suga, jinkirta karin kumallo zuwa ƙarfe 11 na iya sa suga ya faɗi. Ya ci wani abu a lokacin da ya saba, ya bi tsarin da likitansa ya ba shi, ya kuma riƙe ɗan abin zaƙi a aljihu.

Ka duba jerin abincin a intanet ka zaɓi abu biyu, na farko da madadinsa. Idan mai ɗaukar oda ya zo kuka ce ya ba ku minti biyu, a sa'ar cunkoso minti goma ne kafin ya dawo, kuma a wannan tsakanin odar tebura uku ta riga taku shiga kicin.

Ƙwai, inda aka fi samun matsala

A kicin ɗin kalacin hantsi galibi mutum ɗaya ko biyu ne ke tsaye a kan ƙwai, kuma kusan kowane faranti ta hannunsu yake bi. Shi ya sa ya kamata ka faɗi yadda kake son ƙwanka a fili: gwaiduwa ruwa-ruwa, ko mai ɗan kauri, ko dafaffiya sarai. Idan ba ka faɗa ba, ruwa-ruwa za a kawo maka a yawancin wurare.

Ƙwai Benedict shi ne sarkin wannan zama, kuma shi ya fi saurin lalacewa. Hawa huɗu ne: gasasshen ƙaramin burodi da aka raba biyu, yankan nama, ƙwan da aka fasa a cikin ruwan zafi ya dahu minti uku zuwa huɗu, sai miyar holandes a sama. Ita wannan miya gwaiduwar ƙwai ce da narkakken bota da ruwan lemun tsami, aka kaɗa su har suka haɗe. Ba ta son zafi sosai, domin gwaiduwar za ta dunƙule man ya ware. Ba ta kuma son sanyi, domin botan zai daskare. Don haka ana ajiye ta ne da ɗumi-ɗumi, a daidai yanayin da ƙwayoyin cuta ke jin daɗi, kuma kicin mai kula yakan zubar da ita ya yi sabuwa bayan kamar sa'a biyu. Mai kyau takan zo da santsi da sheƙi, tana gangarowa a hankali. Idan ka ga mai yana kwance a gefen faranti, ko miyar ta yi gudaji, ko ta yi fata a sama, ta daɗe ko ta karye. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa Benedict abincin mai sammako ne. Ka kuma fara cinsa nan take. Burodin da ke ƙasa yana shan ruwa, bayan 'yan mintuna ya zama laɓu-laɓu.

Asalin Benedict da naman alade ake yinsa. Wanda ake kira Royale da kifin salmon mai hayaƙi ne, Florentine kuma da alayyahu.

Wainar ƙwai da dagargajajjen ƙwai sun fi sauƙi, amma ka tambaya ko sai an yi oda ake soyawa. Wanda aka soya da yawa aka ajiye yakan yi tauri ya tsatso ruwa, domin zafin da ke ci gaba da dafa shi yana matse ruwan da ke cikinsa. Idan kun zo a tsakiyar cunkoso ko kuna da yawa, shakshuka ta fi aminci: ƙwai ne da aka dafa a cikin miyar tumatir da tattasai, ana kawo ta a kaskonta na ƙarfe, kuma ƙarfen na riƙe zafi. Illarta ɗaya, ƙwan na ci gaba da dahuwa a gabanka, saboda haka mai son gwaiduwa ruwa-ruwa ya fasa ta da wuri.

Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su nemi ƙwai dafaffe sarai, su bar miyar holandes sai idan gidan ya tabbatar da ƙwan da aka tsarkake da zafi yake amfani, saboda ƙwayar cutar salmonela. Kifin salmon mai hayaƙi shi ma yawanci ba dafaffe ba ne, hayaƙi mai sanyi aka ba shi, kuma yana iya ɗaukar ƙwayar listeriya mai haɗari ga ciki.

Ɓangaren zaƙi

Fankek, waful (ɗan'uwan fankek da ake gasawa a ƙarfe mai gida-gida) da burodin da aka tsoma a ƙwai da madara aka soya, duka suna da daɗi a loma ukun farko, daga nan zaƙin ya fara gundura. Shawara mafi amfani ita ce kowa ya yi odar abu mai gishiri, sannan a ɗauki faranti ɗaya na zaƙi a tsakiyar tebur ga mutum uku ko huɗu, a ce a kawo shi daga baya. A nemi zuma ko ruwan zaƙin a ɗan kofi daban. Waful da aka zuba masa tun daga kicin ya rasa ƙamas-ƙamas ɗinsa kafin ya iso, kuma wannan ƙamas-ƙamas ɗin shi ne abin da ka biya. Cokali ɗaya babba na ruwan zaƙin itacen maful yana da suga kusan giram 12, kuma da wuya a zuba ƙasa da cokali uku.

Gasasshen burodi da fiya abu ne da kowa zai iya yi a gida cikin minti biyar. Ka bar shi, ka ci abin da ke da wuyar yi.

Abin da ba a rubuta a takarda ba

Ga wanda ba ya cin naman alade, cewa a cire shi daga faranti bai wadatar ba. A kicin da yawa faffaɗan kaskon ƙarfe ɗaya ne ake soya naman alade da ƙwai da fankek da dankali a kai, wani lokaci ma da kitsen naman ake soya dankalin da gangan don ɗanɗano. Sosej kuma, idan ba a rubuta na kaza ko na sa ba ne, ka ɗauka na alade ne, kuma ko na kaza ne fatar da aka ɗura shi a ciki na iya zama hanjin alade. Tambayar da ta dace ita ce: da wane mai ake soyawa, kuma a kan kasko ɗaya ne? Kicin mai mutunci zai soya maka ƙwai a kasko daban idan ka roƙa tun wajen oda.

Haka batun giya. Mimosa ba ruwan lemu zalla ba ne, an haɗa shi da giyar inabi mai kumfa; Bloody Mary kuwa ruwan tumatir ne da giyar vodka. Idan ka ga an rubuta cewa abin sha babu iyaka na tsawon wani lokaci, yawanci waɗannan ake nufi, kuma wasu gidajen sukan ce sai duk teburin ya shiga tsarin. Ka tambayi farashin wanda ba ya sha. Ka kuma lura cewa wuraren da ke wannan tsari sun fi hayaniya da rana, ba su dace da yara ko dattawa ba. Giya kan shiga wasu miyoyin zaƙi ma, kuma dafawa ba ta kore ta gaba ɗaya.

Mai alaji, wato wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, ya faɗa kafin oda, ya ce alaji ne ba ƙin so ba, don a rubuta wa kuku. Wannan abinci cike yake da ƙwai, madara, alkama, gyaɗa da dangoginta, da riɗi. A Tarayyar Turai doka ta wajabta wa gidajen abinci ba da bayani a kan abubuwa 14 masu tayar da alaji. Ko ina kake, idan ma'aikaci ya amsa da "ina jin babu", ka roƙe shi ya je ya tambayo. Ka kuma rage canje-canje marasa dalili; kowane "cire wannan, ƙara wancan" yana jinkirta odar duk teburin, yana kuma ƙara yiwuwar kuskure a kan wanda nasa canjin na lafiya ne.

Idan bufe ne

A otal-otal an fi yin tsarin ɗibi da kanka. Ka zagaya sau ɗaya hannu wofi ka ga komai kafin ka ɗauki faranti. Ka fi karkata ga wuraren da kuku ke tsaye yana yi a gabanka, kamar wainar ƙwai da yankan gasasshen nama. Abinci mai zafi ya kamata a riƙe shi a digiri 60 na ma'aunin Salshiyas ko sama, mai sanyi kuma a digiri 5 ko ƙasa. Ba za ka zo da ma'auni ba, amma ido ya isa: mai zafi ya riƙa tururi idan an ɗaga murfi, jatan lande da kifi da yogot su kasance a kan ƙanƙarar da ba ta narke ba. Tiren da ya kusa ƙarewa ka jira a sauya shi, kuma idan ka ga ana juye sabon abinci a kan tsoho, ka bar wannan tiren. Kowane zagaye da sabon faranti. Burodi da shinkafa su zo a ƙarshe, su ne ke cika ciki da abin da ya fi arha.

Abin sha

Ka nemi ruwa da gahawa ko shayi da zarar ka zauna. Gahawar da aka tace a tulu tana zuwa nan take, wani wurin ma ana ƙara maka kyauta. Masu madara kuwa ɗaya-ɗaya injin ke yinsu, kuma layinsu kan fi na ƙwai tsawo. Kofi ɗaya na tatacciyar gahawa yana da sinadarin kafeyin mai hana barci kusan miligiram 95. Iyakar da hukumomin lafiya ke ba baligi mai lafiya ita ce 400 a yini, mai juna biyu kuma 200, don haka ƙari na uku da na huɗu a lissafa su. Ruwan lemu ka tambaya ko matsewa aka yi a wurin ko na kwali ne, tunda kuɗinsu ba ɗaya ba. Mai shan wasu magungunan rage kitsen jini kamar simvastatin, ko wasu na hawan jini kamar felodipine, ya guji ruwan garehul, wato babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, domin yana sa maganin ya taru a jini fiye da kima.

Idan abu ya zo ba daidai ba

Ka yanka ƙwanka da zarar an ajiye faranti. Idan farin bai dahu ba, ko abincin ya zo da sanyi, ko ba abin da ka nema ba ne, ka faɗa a cikin minti biyun farko, kafin ka ci rabi. Ka faɗi matsalar da abin da kake so a yi, a sake ko a canza, da murya a ƙasa. Wanda ya kawo farantin ba shi ya dafa ba, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan nan sun yi aiki har tsakar daren jiya. Sauran mutanen tebur su ci nasu, kada su jira. Idan minti ashirin da biyar suka wuce babu abinci, kuma teburin da ya zo bayanku ya samu, ka tambaya ko odarku ta shiga kicin, domin takarda kan ɓace.

Biyan kuɗi da tashi

Ku yanke yadda za a biya tun kafin oda. Idan kowa nasa zai biya, a faɗa wa ma'aikaci tun farko. Raba lissafin mutum takwas bayan an gama ci aiki ne mai cin lokaci, wasu gidajen ma ba sa karɓar kati fiye da biyu ko uku a tebur ɗaya. Mafi sauƙi mutum ɗaya ya biya, ya ɗauki hoton rasit, sauran su tura masa. Raba daidai-wa-daida zalunci ne ga wanda shayi da burodi kawai ya ci.

Ka karanta takardar kuɗin layi-layi. Abubuwan gefe, irin ƙarin ƙwai, cuku ko fiya, su ne ke kumbura lissafi, kuma a nan ake yawan kuskure. Ka duba ko an riga an sa kuɗin hidima, musamman idan kuna da yawa, don kada ka biya sau biyu. Tukwici kuma ya danganta da ƙasa: a Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, a Landan gidaje da yawa suna ƙara kashi 12.5 da kansu, a Japan kuwa ba a bayarwa. Idan an cire kafin alƙalami lokacin kama tebur, ka tabbatar an rage shi daga jimla.

Ragowar abinci ba duka ake ɗauka ba. Fankek, dankali da gasasshen nama suna jure ɗumame. Ƙwai mai ruwa-ruwa da miyar holandes a bar su a wurin. Abin da aka ƙunshe ya shiga firji cikin sa'a biyu daga lokacin da aka kawo shi tebur, ko cikin sa'a ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. Idan daga nan yawo za ku wuce, kada ku ɗauka.